Aikawa da Tsofaffin Kuɗi ta Gidan Waya

Akwai wata sha'awa wadda mutane da yawa su kan yi wa dariya, watau mutum ya ɗauki kuɗin da ke ci ya sayi kuɗin da ya daina ci. Ni ina cikin masu wannan sha'awa, ba na kuwa jin kunyar faɗi. A cikin akwatina akwai anini, da ɗari, da kwabo mai huji, da taro mai kusurwa goma sha biyu mai ɗauke da hoton auduga, da fataka mai hoton gyaɗa, irin waɗanda aka buga wa Nijeriya a 1959, kafin naira da kobo su gaje su ran 1 ga Janairu, 1973. Ko ƙosai ɗaya ba za su saya mini ba yau a kasuwa, amma kowanne yana da labarin da ya ke ba wanda ya iya karanta shi.

Ɗauki anini na farko. An buga shi a 1907 da wani farin ƙarfe marar nauyi da a ke kira alminiyam, da huji a tsakiya, da rubutun boko da na Larabci a jikinsa. Da aka ga ƙarfen ba ya jure wa damshi da gumin hannu, sai aka sake shi da wani a 1908. Saboda haka samun na farkon nan da kyaunsa sai an tona. Ko kuwa ɗauki kwabon 1936, mai ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya hau gado cikin Janairu ya sauka cikin Disamba na shekarar nan. A Ingila kanta ba a fitar da kuɗinsa ya shiga hannun jama'a ba, amma a Afirka ta Yamma kakanninmu sun sayi gishiri da kwabo mai sunansa. Ga kuma liyari, watau babbar dalar azurfa ta Sarauniya Mariya Tarisa ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa ƙetarowa da ita Sahara. Sarauniyar ta rasu a 1780, duk kuwa wadda aka buga bayan rasuwarta shekarar nan ce a jikinta, ko da an buga ta jiya.

To, ga inda wahalar ta ke. Masu kyau daga cikin kuɗin nan, waɗanda ba su gogu ba, galibinsu suna hannun dillalai da gidajen gwanjo na Landan da Niyok da sauran biranen Turai da Amurka. Mutum ya kan ga hoto a intanet, ya yi ciniki, ya biya, sa'an nan ya zauna jiran gidan waya. Tsakanin teburin mai sayarwa da tafin hannun mai saye akwai akawu, da mai ɗaure jaka, da direba, da ma'aikatan filin jirgi, da na kwastan, da masinja, mutanen da ba za ka taɓa sanin fuskarsu ba. Abin da ke tafiyar kuwa ƙarami ne, yana shiga aljihu, ba sunan mai shi a jikinsa. In na azurfa ne ko na zinariya, maƙerin fari ya narkar da shi cikin ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan ya ɓace daga duniya.

Na daɗe ina tunani a kan abin da ke tsare irin wannan kaya a hanya, na ga ba su wuce abu biyu ba. Na farko shi ne shiru, watau kada ƙunshin ya gaya wa kowa abin da ke cikinsa. Na biyu shi ne shaida, watau duk wanda ya taɓa ƙunshin ya bar sunansa a rubuce. Kauri da nauyin akwati suna bayan waɗannan.

Bari mu fara da shiru. Da yammacin 7 ga Agusta, 1963, jirgin ƙasa na gidan wayar Ingila ya taso daga Gilasgo za shi Landan. Wajen ƙarfe uku na dare wasu 'yan fashi, su goma sha biyar, suka rufe koriyar fitilar hanya, suka kunna ja da batir, jirgi ya tsaya. Suka bugi direban a ka, suka sa aka ja kan jirgin da tarago biyu na gaba zuwa wata gada, suka kwashe jaka 120 cikin 128. Abin da ke ciki ya kai fam miliyan biyu da dubu ɗari shida, galibinsa tsofaffin takardun kuɗi ne na bankuna. An kama yawancinsu, an ɗaure wasu shekara talatin-talatin, amma mafi yawan kuɗin ba a ƙara ganinsa ba. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan ba su ɓata lokaci suna binciken tarago-tarago ba. Sun san taragon da dukiyar ta ke, sun san daren da za ta yi yawa, domin wani wanda ya san sirrin jirgin ya tsegunta musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sami jirgin nan shi ne ke samun ɗan ƙunshinka, sai dai a ƙaramin ma'auni. Ɓarawon wasiƙa ba ya iya buɗe dubban ƙunsuna da ke wucewa ta gabansa, zaɓe ya ke yi. Kai kuwa aikinka shi ne kada naka ya yi kiransa. Ƙunshi ya kan yi magana ta hanya uku. Ya kan yi ta da ƙara, in kuɗin suna kaɗawa a ciki. Ya kan yi ta da siffa, in yatsa ya shafa ambulan ya ji da'ira mai tauri. Ya kan yi ta kuma da rubutu, in sunan mai aikowa yana ɗauke da kalmar zinariya, ko azurfa, ko tsabar kuɗi. Don haka ƙwararrun dillalai su kan sa kowane kuɗi cikin 'yar jakarsa, su matse shi tsakanin kwali biyu, su liƙe, su sa cikin ƙaramin akwati, su cusa takarda har in an girgiza ba a jin kome, sa'an nan su sa wannan cikin wani akwatin. A waje kuwa sai su rubuta sunan mutum kurum, ko haruffan farko na sunan kamfani. Kafin in biya kowane dillali sai na tambaye shi yadda ya ke ɗaure kaya, da sunan da zai bayyana a bayan ƙunshi. Wanda ya ji haushin tambayar, na kan bar masa kayansa.

Har wa yau, ba kowace ɓata ce sata ba. A manyan gidajen waya injuna ke rarraba wasiƙu, suna jan ambulan da gudu tsakanin wasu tayoyi masu matsi. In an jefa kuɗi sako-sako cikin ambulan na takarda, sai matsin ya tura shi kusurwa, ya keta takardar ya fice. An taɓa aiko mini da aninin 1907 haka nan. Ambulan ya iso, wasiƙar mai sayarwa tana ciki, ga wata 'yar tsaga a gindinsa daidai faɗin aninin. Ya ratso ƙasa uku kafin ya zo, ba wanda zai iya cewa ga inda abin ya auku, ko hannu ne ko inji. Mai sayarwa ya mayar mini da kuɗina ba gardama. Amma aninin da ya yi shekara fiye da ɗari yana yawo lafiya, kwali na sisin kwabo ne ya rasa, ya salwanta.

Shirun nan ya shafi bakin mai saye ma. Wanda ya ke shelar abin da ya saya da ranar da zai iso, ko a majalisa ko a Facebook, ya yi wa ɓarawo rabin aikinsa.

Sai kuma shaida, wadda ita ce asalin abin da mu ke kira rajista. Gidan wayar Ingila ya fara yi wa wasiƙu rajista a 1841, a kan ladan sule guda, na Amurka kuma ya bi baya a 1855. Dattawa za su tuna da ambulan mai shuɗin layi biyu da suka gitta juna, alamar wasiƙar rajista ke nan. Hikimar abin mai sauƙi ce. A kan ba ƙunshi lamba, a shigar da ita littafi, a ba mai aikawa rasit. Wanda ya karɓa daga hannun akawu sai ya sa hannu, wanda ya karɓa daga gare shi shi ma ya sa, har a kai ga mai shi. In ƙunshi ya ɓace, sai a bi littafi a ga sunan wanda ya karɓa bai miƙa ba. A Amurka har yanzu ƙunshin rajista a kulle ya ke kwana, ba a kuwa karɓarsa sai an liƙe gaɓoɓinsa da takarda mai danko irin wadda ke shan tawada, don a buga hatimin gidan waya a kan liƙin. Kowa ya ɓamɓare, hatimi zai tona shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari zargi ne ga ma'aikatan gidan waya. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu riƙon amana, su ne ma suka fi cin moriyarsa. Inda ba littafi, in abu ya ɓace zato ya kan hau kan kowa, mai gaskiya da maras gaskiya. Inda akwai littafi, mai gaskiya yana da abin da zai nuna ya wanke kansa.

Don ka san ƙarfin wannan tsari, dubi irin dukiyar da aka danƙa masa. A 1937, sa'ad da Gwamnatin Amurka ta fara kwashe zinariyarta daga Niyok da Filadelfiya zuwa sabuwar ma'ajiya a Fort Knox, a hannun gidan waya ta sa ta, aka yi wa tubalan zinariyar rajista, aka ɗora su a jiragen ƙasa da rakiyar soja. Da yawa cikin tubalan nan tsabar kuɗin zinariya ne da aka janye daga hannun jama'a tun daga 1933, aka narkar. Haka kuma cikin Nuwamba, 1958, wani attajiri mai cinikin duwatsu masu daraja, Harry Winston, ya ba gidan tarihi na Smithsonian kyautar shuɗin daimon ɗin nan da a ke kira Hope. Bai ɗauki hayar dakaru ba. An naɗe akwatin da takarda ruwan ƙasa, aka yi masa rajista daga Niyok zuwa Washinton. Abin da ya biya duka dala 145 ne da santi 29. A ciki dala 2 da santi 44 ne kuɗin kan sarki, sauran ladan inshora ne na dala miliyan ɗaya. Masinja ya kai shi lafiya, takardar naɗin ma tana nan an adana ta a gidan tarihin gidan waya na Washinton.

A nan ya kamata a rarrabe abu uku da mutane kan cuɗa. Akwai lambar bin sawu, wadda za ka duba a wayarka ta gaya maka garin da ƙunshi ya kai. Wannan labari kurum ta ke ba ka, ba ta ɗora wa kowa alhaki. Akwai sa hannu wajen karɓa, wanda ke hana a ajiye maka kaya a ƙofa a tafi. Akwai kuma inshora, watau alkawarin biyan diyya in kaya ya ɓace. Mai sayarwa ya iya ce maka ya aiko da lamba, kai kuwa ka saki jiki kana tsammani ka sami duka ukun. Tambaye shi ɗaya ɗaya.

Inshorar ma tana da iyaka da sharuɗɗa. Rajistar gidan wayar Amurka ta kan biya har dala 50,000 a cikin ƙasar. Aikawa ta musamman ta gidan wayar Ingila iyakarta fam 2,500. Wasiƙa ta yau da kullum kuwa, in ka sa kuɗi a ciki ya ɓace, ba ka da abin nema. Kamfanonin jigila masu zaman kansu da yawa sun rubuta a cikin ƙa'idodinsu cewa ba su biyan diyyar tsabar kuɗi, ko da an karɓi ladan inshora a kanta, shi ya sa manyan dillalai su kan yi tasu inshorar dabam. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuma akwai Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874. Yarjejeniyarta ta hana sa tsabar kuɗi cikin wasiƙa ta yau da kullum, sai cikin mai inshora, ko mai rajista in dokar ƙasashen biyu ta yarda. Saboda haka kafin a ɗaure kaya, a tambayi gidan waya na can da na nan ko suna karɓa.

Wani zai ce, to, in shiru ne magani, me zai hana a rubuta a takardar kwastan cewa maɓallan riga ne na sule biyu? Kul, kada ka yarda da wannan, ko da mai sayarwa ne ya kawo shawarar don a rage maka haraji. Ƙarya ce, ga ta kuma laifi ce a doka, tana iya sa a ƙwace kayan. Bayan wannan, ranar da ƙunshi ya ɓace, da abin da aka rubuta za a yi maka hukunci. Wanda ya ce kayansa na sule biyu ne, sule biyu za a ba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da dillalan kirki ke yi shi ne su rubuta ainihin kimar kayan, su kira shi da sunan da masu sana'ar da ma'aikatan kwastan suka san shi da shi, ba tare da kwarzanta zinariya ko azurfa da manyan haruffa ba.

Tun kafin kuɗi ya bar hannunka, a yanke magana ɗaya a rubuce: in kaya ya ɓace a hanya, asarar wa ke nan? A Ingila dokar kare masu saye ta 2015 ta ce kayan da mutum ya saya wurin ɗan kasuwa suna wuyan ɗan kasuwan har su shiga hannun mai saye, sai fa in mai sayen ne ya nemo nasa mai ɗauka. Amma ba ko'ina ne haka ba, gidajen gwanjo kuma kowanne da sharuɗɗansa, sai an karanta. Ka biya ta hanyar da ke barin shaida, wadda kuma ke da wurin kai ƙara, kamar katin banki. Ka ajiye rasit, da wasiƙun cinikin, da hoton kuɗin gaba da baya. Akwai kamfanoni biyu a Amurka, PCGS wanda aka kafa a 1986 da NGC na 1987, masu duba tsohon kuɗi su tabbatar da ingancinsa, su rufe shi cikin gidan roba mai lamba. In wanda ka saya yana da irin lambar nan, rubuta ta a littafinka, domin da ita a ke gane kayan sata in ya ɓullo kasuwa.

Wurin da ya fi hatsari a duk tafiyar shi ne zangon ƙarshe, kusa da gidanka. A Amurka al'adarsu ce masinja ya bar wasiƙa a akwatin bakin hanya, ƙunshi kuma a dokin ƙofa. Ɓarayi suka gane haka, suka shiga bin ƙofofi, har suka kai ga tare masinjoji suna ƙwace mabuɗin da ke buɗe akwatunan unguwa guda. Abin ya yi tsanani har a 2023 gidan wayarsu ya ɗauki aikin sake dubban makullai da na lantarki. Darasin da na ɗauka shi ne, kaya mai daraja kada ya kwana a inda ba wanda ya sa hannu a kansa. Ni na fi so a riƙe mini shi a kantar gidan waya, in je da kaina da katin shaida in karɓa. Ba na aiken yaro, ba na kuma cewa a ba maƙwabci.

A nan ne, ɗan'uwa mai karatu, wahalar da ka sha a ajin yaƙi da jahilci za ta biya ka. Sa hannunka shi ne na ƙarshe a littafin nan, da zarar ka sa shi ka sauke nauyi daga wuyan duk waɗanda suka gabace ka, ka ɗora a naka. Don haka kada ka yi gaggawa. Karanta lambar da ke jikin ƙunshi, ka gwada ta da wadda aka aiko maka. Juya shi ka duba gaɓoɓinsa, ko akwai tsaga, ko sabon liƙi a kan tsoho. In ka ga abin da ranka bai kwanta da shi ba, faɗa wa akawu nan take, a rubuta, a buɗe a gabansa. In ka kai gida, sa a ɗauki hotonka da waya sa'ad da ka ke buɗewa, kada kuma ka yar da kwali ko takardar naɗi sai ka tabbata kome ya cika, gama su ne shaidunka.

In kuwa kwanaki sun wuce ƙunshi bai iso ba, kada ka zauna kana cewa gobe. Sanar da mai sayarwa a rubuce, domin galibi mai aikawa ne ke da ikon neman diyya, rasit na hannunsa. Kai ma ka kai magana gidan waya da lambarka. Bisa ƙa'idar ƙungiyar duniyan nan, wata shida ne a ke karɓar neman bincike daga ranar da aka aika, wasu kamfanoni kuma nasu wa'adin bai kai haka ba. Wanda ya makara, ko yana da gaskiya ya rasa.

Na san akwai masu ƙorafi cewa rajista tana da tsada, tana kuma da nawa. Gaskiya ne. Wani lokaci ladan aikawa ya kan fi kuɗin kwabon da aka saya, ƙunshin da a ke sa wa hannu a kowane zango kuwa ba ya gudu. Dabarar da na ke yi ita ce in roƙi dillali ya tara mini abin da na saya na wata biyu ko uku ya aiko gaba ɗaya, amma kada kimarsu ta haura iyakar inshora. In ta haura, a raba ƙunshi biyu, a aiko su ranaku dabam dabam. Game da nawa kuma, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya sa na ke ɗaukar duk wannan ɗawainiya shi ne, inshora kuɗinka kurum ta ke mayar maka. Ba ta iya mayar da abin da ya ɓace. Gidan buga kuɗi ba zai sake buga aninin 1907 ba, waɗanda suka rage su ke nan, kowane ɗaya ya salwanta an rage wa 'yan baya abin da za su gani su san yadda kakanninsu suka yi ciniki. Mu masu tara su riƙo ne mu ke yi na ɗan lokaci, kamar yadda wasu suka riƙa kafin mu. Ka'idar nan kuwa ba ta tsaya ga tsohon kuɗi kaɗai ba. Mai aika wa 'yarsa zoben azurfa, da mai aika takardar shaidar makaranta ko ta gona, duk hanyarsu ɗaya ce: a ɗaure da kyau, a kama baki, a karɓi rasit, a karanta kafin a sa hannu. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu ikon riƙon amanar da ke hannunmu, amin.